Tantin Fata Na Matan Sahrawi

Tawa, Mayu 1996

Zuwa ga maigidana, Baban Hasan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Yamai, yaya gajiyar aikin parti? Mu nan lahiya lau, in ban da zafi da kewarka.

Albishirinka, tanti ya ɗinku! Ka tuna dariyar da ka yi mana ran da Madam Lidiya, malamar lakkwal ɗin yara, ta dawo daga taron mata na Dakar da labarin matan Sahrawi? Waɗanda ke zama shiru gaban sojoji da hotunan 'ya'yansu da suka ɓace, ko tsakuwa ba su jifa, da 'yan'uwansu na sansanin gudun hijira a Aljeriya da iska ke yaga musu tantuna. Ka ce me matan da albashin mazansu bai zuwa za su aika? To, fata muka aika, malam.

Gida gida na bi a Tebaram ina roƙon fatun awaki, na ba da bakina cewa Aljeriya za su. Inna Fatimata, yayar mahaifiyata, ta fiddo waɗanda ta daɗe tana tarawa don tantin auren jikarta. Mun jeme su da bagaruwa, mun shafe da jar ƙasa da man shanu. Yatsuna duk hujin basilla ne, kada ka yi mini tsiya in ka dawo.

Na damƙa shi ga direban da ka turo. Tunda ka ce ka san masu kamyon da ke kai kaya Tamanrasat ta Aljeriya, hankalina kwance yake. Wallahi ka ƙara girma a idona.

Ka ci abinci da kyau, don Allah.

Taka har kullum,
Balkisa

Tebaram, Yuni 1996

Attahir,

I, sunanka na rubuta. Ina gaisuwa, ina fatan kana lahiya, don ba a raba ni da tarbiyya ba.

Kana ta aike kana tambayar me ya shiga kaina ran mitin. Kai ne da tambaya? Na zo filin nan na Tawa da sabon zane don in yi wa mijina guɗa. Ina ɗaga ido sai ga jan tanti a kafe, an rataya masa tutar parti, manyanku sun baje a ciki suna shan shayi. Na so in ƙaryata idona. Amma ɗinkin Inna Fatimata ba ya ɓuya, ga kuma gefen da ɗinki ya karkace a hannuna. Kana tsaye a bakinsa kana nuna wa baƙi, wai shaida ce mutanen arewa na bayanku.

Ashe ko Abalak, zangon farko, bai kai ba. Kullum na tambaye ka sai ka ce ya wuce iyaka, har na je na gaya wa tsohuwar nan, ta ɗaga hannu ta sa maka albarka. Wannan ya fi komai ci mini rai. Ka mai da ni maƙaryaciya a garin uwata, inda matan da ba su da na cefane suka ba ni fata saboda bakina.

Ka ce mun kunyata ka. Wa muka zaga? Wa muka taɓa? Jandarma ma kallo suka tsaya yi. Mu matan da muka ɗinka shi mun kewaye tantin, kowace ta kama turke guda ta tuge, Madam Lidiya ta naɗe tutarku ta miƙa maka da hannu biyu. In manyanku sun sha rana, ai ba su narke ba.

Tantin yana nan ɗakin Inna. Za mu sami mai kai shi, ko da shekara za mu yi muna nema, amma ba ta hannunka ba. Na yi kuka, ban ɓoye maka, don ban taɓa tsammanin haka daga gare ka ba.

Kada ka wahalar da kawunka da zuwa biko. Mahaifiyarka 'yar Azawak ce kamar tawa, ka sani a wajenmu tanti na mace ne, kuma ka san abin da ake nufi in ta tuge turakunta miji na tsaye: aure ya ƙare. Na tsakiya, ni na tuge shi.

Hasan yana gaishe ka. Ka huta lahiya.

Balkisa 'yar Manzo