Garin Ƙarfi Ba a Auna Shi da Ludayi

Zuwa ga mai gidan ɗaga ƙarfe da jikana ke zuwa, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan iyali da yaran gidanka suna lafiya. Ni tsoho ne daga Damri. Da ƙuruciya ni ne malamin awo a kasuwar auduga. A lokacinmu, kafin a ɗora buhu ɗaya sai an gwada sikelin a gaban manoma, kowa ya gani. Abokan aikina duk sun rasu, haka ma uwargidana. Sanusi, ɗan ɗiyata, mahauci, shi kaɗai ke zuwa duba ni, ranar Laraba, bayan ya ci kasuwa.

Laraba biyu bai zo ba. Ashe yana kwance da murɗar ciki da zawo. Ga abin da na gano:

Na ɗaya. Garin nan fari, kiriyatin, da samari ke sha don ƙarin ƙarfi, kana juye shi daga robarsa kana ƙullawa a leda kamar garin kuka. Ɗan cokalin awon da rubutun da ke jikin robar duk suna nan wurinka, yara sai leda.

Na biyu. Sanusi bai ga cokali ba, sai ya ɗauki ludayi. Haka ya saba da fura, mai aikin ƙarfi ludayinsa ya cika. Safe da yamma yake zubawa, ya wuni a rana a mahauta, ruwan kirki bai sha ba.

Na uku. Da ya ji sauƙi, na sa ya karɓo mini robar. Turancin da aka koya mana da alli da bulala bai gudu duka ba. Na sa tabarau na karanta: giram uku zuwa biyar a rana, wato kusan cokalin shayi guda, da ruwa isasshe. Malamin asibiti ya tabbatar mini da haka, ya ƙara da cewa mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai ya ga likita. Alhaji, ka karanta wannan kuwa?

A da, samarinmu da nono da aikin gona suka yi ƙirji. Na san zamani ya wuce can, ban kuma ce garin guba ba ne. Awon ne babu.

Roƙona: ka bar ƙullawa a leda. In ba makawa, kowane ƙulli ya zama awon rana ɗaya. Ka rubuta awon da Hausa a bango, da manyan baƙaƙe.

Ban hana Sanusi ɗaga ƙarfe ba. Da hannuwan nan yake ɗaga ni daga gado ya fitar da ni in sha rana, sau ɗaya a mako.

Allah ya albarkaci sana'arka, ya ba ka mai ɗaga ka ranar da ƙafa ta ƙi.

Wassalam, daga tsohon malamin awo,
Damri.