Ƙorafi Kan Tarar Motar da Na Sayar wa Surukina

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Ofishin Rajistar Motoci da Lasisin Tuƙi,
Sashen Karɓar Ƙorafi, Hawa na Biyu.

Daga:
Direban motar rabon burodi,
Gidan burodin da ke bayan tashar mota.

Kwanan wata: Litinin, 13 ga Mayu, 2024.

Game da: Roƙon a sake duba tarar rashin sabunta rajista mai lamba 0417, wadda aka rubuta da sunana a kan motar da ta bar hannuna tun ranar 11 ga Maris, 2023.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya, da fatan Allah ya ƙara taimako a kan wannan aiki. Ina neman afuwa tun daga farko, domin karatuna bai yi nisa ba, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba. Tsarin da na bi na kwafo shi ne daga samfurin da aka liƙa a bangon ofishinku kusa da tagar biyan kuɗi. Na so in ba mai rubuta wasiƙa da ke zama a bakin ƙofarku, sai na ga a cikin maganar akwai abin da bakina ba zai iya faɗa wa mutum ba. Takarda ba ta kallon mutum a ido, shi ya sa na zauna na rubuta da kaina.

Motar da ake magana a kanta ƙaramar a-kori-kura ce, fara, murfin bayanta da igiya ake ɗaure shi. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, bayan rasuwarsa aka mayar da takardunta da sunana. Da na samu aikin tuƙi a gidan burodi sai ta zama ajiyayya a ƙofar gida, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Mahaifin mai ɗakina kuwa kafinta ne, dattijo, yana shan wahalar ɗauko katako daga kasuwa. Na aika masa ta bakin 'yarsa cewa ya ɗauka kyauta. Ya aiko mini ta bakinta cewa shi ba ya hawa motar kyauta. Ranar Asabar, 11 ga Maris, 2023, ya biya, na kai masa mota da makulli da duk takardunta har shagonsa. Daga ranar ban sake zama a kujerarta ba.

Ga abubuwan da nake kawo kuka a kansu:

1. An rubuta tarar da sunana, alhali motar ba ta hannuna. Takardar ta ce rajista ta ƙare ranar 30 ga Nuwamba, 2023, kuma ma'aikatanku sun ga motar a bakin titi ranar Talata, 6 ga Fabrairu, 2024, da tsohuwar sitika a gilashin gaba. Ban musa ba. Amma a wannan rana, daga asuba har azahar, ina cikin motar gidan burodi ina bin shaguna. Littafin fita da dawowa na wurin aikinmu zai nuna haka, na kuma haɗo kwafin shafin.

2. Yadda aka kawo takardar. Ranar Litinin, 22 ga Afrilu, 2024, da misalin ƙarfe goma na safe, wani ma'aikacinku ya zo wurin aikina a kan babur. Bai kira ni gefe ba. Ya tsaya a tsakar fili, inda ake loda burodi, ya karanta cikakken sunana da na mahaifina da ƙarfi, ya karanta laifi, ya karanta tara, sannan ya tambaya ko wane ne. Ina riƙe da faranti cike da burodi a lokacin, ban san inda zan ajiye shi ba. Masu kwaɓa fulawa suka leƙo ta taga. Maigidanmu ya fito daga ofishinsa da tabarau a hannu.

A wurin aiki Sannu-sannu ake ce mini, saboda ba na gudu da mota. Shekara biyu ko madubi ban taɓa fasawa ba. Tun daga wannan rana kuwa na koma "Alhaji mai mota". In na shigo da safe mai gasa burodi sai ya miƙe ya sara mini, ya ce a ba Alhaji hanya, hukuma na nemansa. Wani ya ce ashe shiru-shirun nan duk na ɓoye dukiya ne. Wasa suke yi, na sani, ni ma nakan yi dariya. Amma sunan mahaifina da aka ɗaga a gaban jama'a a kan laifi, shi da ya rasu ba a taɓa kiransa ofishin kowa ba, wannan ban iya yi masa dariya ba. Ba ina neman a hukunta ma'aikacin ba ne, mai yiwuwa haka aka koya masa. Ina dai so a sani.

3. An riƙe lasisina. Lasisin tuƙina zai ƙare ranar Juma'a, 31 ga Mayu, 2024. Na zo sabuntawa ranar 2 ga Mayu, aka duba kwamfuta aka ce akwai jan layi a kan sunana, ba za a taɓa lasisin ba sai an share tara. Maigidanmu mutumin kirki ne, amma ya gaya mini a fili cewa ranar ɗaya ga Yuni ba zai ba marar lasisi makullin mota ba, kuma burodi ba ya jira. Ban ga laifinsa ba. Ranka ya daɗe, tuƙi kaɗai na iya. Ina da mata da 'ya ɗaya da ta fara tafiya, ga mahaifiyata a ɗakin da ke kusa da namu.

4. Sau uku ina zuwa ofishinku: 25 ga Afrilu, 2 ga Mayu, da 7 ga Mayu. Taga ta ɗaya ta tura ni ta huɗu, ta huɗu ta ce ta uku, ta uku a rufe take har bayan azahar. Da aka buɗe, akawun ya tambaye ni ina fom na canjin mallaka. Na ce babu. Ya ce ina yarjejeniyar ciniki. Na ce babu. Ya ce ko rasit? Na ce shi ma babu. Sai ya ajiye biro ya ce, da muryar da duk layi ya ji, "Malam, mota ka sayar ko kaza?" Aka yi dariya. Ya ce in je in kawo wanda ya saya, in kuwa ba zan iya ba su za su aika masa da takardar kira har inda yake. Ban faɗi sunan mai sayen ba. Ya tambaya sau biyu, na ce zan dawo.

5. A nan dole in faɗi nawa laifin, domin ban zo in ɗora wa hukuma komai in tsame kaina ba. Na san akwai fom. Direba ne ni, na sani sarai. Ranar da na kai motar ma na yi niyyar in ɗauko maganar. Na tarar da Baba, haka nake kiran surukina, yana goge wata ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka, ya ce Allah ya jiƙan mai motar na farko. To, ranka ya daɗe, da wane baki zan ce wa mutumin da ya ba ni 'yarsa ba tare da ya nemi takarda a wurina ba, ya zo ya sa mini hannu a kan tsohuwar mota? Sai na ga kamar ina ce masa ban yarda da shi ba. Na ce a raina bari sai wani zuwan. Wani zuwan ya zo, na ce sai na gaba. Haka wata goma sha huɗu suka wuce.

Ko da tara ta zo ban gaya masa ba, ban gaya wa mai ɗakina ba. Ita ce ta lura ina mayar da kwano da saura, ta tsare ni da tambaya har na faɗa. Ta ce, "Kai da Baba ban san wanda ya fi wani ba. Ku biyun sai ku mutu da ƙishirwa a bakin randa kuna jiran wani ya fara sha." Ta ce in ban je ba ita za ta je. Na ce a'a, ni na ɓata, ni zan je.

6. Abin da na tarar, wanda shi ne hujjata. Kwana biyu ina bi ta gaban shagon da motar burodi, in rage gudu, in wuce. Ranar Juma'a, 10 ga Mayu, da la'asar, na tsaya. Motar tana nan a gefen shago, an ɗora mata buhu a gilashi saboda rana. Tun watan Disamba take a wurin. Baba ya ce wa 'yarsa inji ne ya samu matsala, kuma sau biyu ina cewa a bari in duba, yana cewa in bar shi kawai.

Na gaishe shi. Na tambayi aiki, na tambayi ƙafarsa, na tambayi tsadar katako, na sake tambayar ƙafar. Da gaisuwa ta ƙare mini, sai na zaro takardar tara na ajiye a kan bencin aikinsa kamar wanda ya manta da ita, na koma kallon ƙasa. Ya sa tabarau ya karanta. Ya ajiye takardar. Sannan ya buɗe akwatin kayan aiki, ya ɗaga zarto da guduma, ya ciro wata baƙar leda daga can ƙasa. A cikinta akwai fom na canjin mallaka, na ofishinku, da hatiminku da rasit ɗinsa: Litinin, 13 ga Maris, 2023. Kwana biyu ke nan bayan ciniki. Ya cike ɓangarensa duka, ya sa hannu. Layin mai sayarwa ne kaɗai babu komai.

Ya ce mini, shi ma yana kallon ƙasa, "Ɗana, duk zuwan da kake yi wannan takarda tana aljihuna. In na gan ka durƙushe sai in ce, in na fito da ita yaron nan zai zaci ina tsoron wata rana ya zo ya ƙwace motar ubansa." Ya ce a watan Nuwamba ya zo ofishinku don ya sabunta rajista, aka ce sai da sa hannun mai sayarwa. Ya koma gida ya ajiye motar, ya ce inji ne. Wata biyar dattijon nan yana ɗaukar hayar amalanke, yana binta a baya da ƙafa mai ciwo, ga motarsa a ƙofar shago lafiyarta ƙalau. Kullum da safe yakan tayar da ita ta yi ɗumi, ya kashe. Bai san tsayuwa a bakin titi ma laifi ba ce.

Ranka ya daɗe, na sha jin kunya a watan nan, amma ban ji irin ta wannan lokaci ba.

Ya zaro fensir daga bayan kunnensa ya miƙo mini. Na ce Baba, hukuma ba ta karɓar fensir. Sai ya yi dariya, ni ma na yi, na je shagon maƙwabcinsa na aro biro. Wani a bakin ƙofar ofishinku ya taɓa ba ni shawara cewa in na samu fom in rubuta tsohon kwanan wata, magana ta mutu. Ban yi ba. Za a ga sa hannu biyu a fom ɗin: na sama nasa ne, na 13 ga Maris, 2023, na ƙasa nawa ne, na 10 ga Mayu, 2024. Abin da ke tsakaninsu ba yaudara ba ce, kuma ba raina doka ba ne.

Saboda haka nake roƙo, cikin ladabi:

Na farko, a karɓi wannan fom, a duba lambar rasit ɗinsa a littafinku, a mayar da motar da sunan mai ita, domin ya samu ya sabunta rajista ya daina bin amalanke.

Na biyu, a cire jan layin da ke kan lasisina kafin 31 ga Mayu, 2024.

Na uku, a yafe tarar, ganin cewa motar ba ta hau titi ba tun ranar da rajistarta ta ƙare. Maƙwabtan shagon za su shaida, ciyawar da ta fito a gindin tayoyinta ma tana nan ga duk wanda aka aiko ya duba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna. An gaya mini cewa in aka cire tara daga kaina, kan mai sayen za ta koma, kuma za a aika masa da takarda. In haka dokar take, to ina roƙo a bar ta a kaina. A sake mini lasisi kawai, a ba ni dama in riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashina har in gama. Na san wannan ya yi kama da mutum ya kawo ƙara kuma ya janye da kansa, amma na yi tunani a kai sosai. Kada a tura mai babur shagon Baba. Shekara arba'in yana aiki a wannan layi, ba a taɓa tsayawa a ƙofarsa an kira sunansa a kan laifi ba. In dole sai an sake karanta sunan wani da ƙarfi, a zo gidan burodi a karanta nawa. Su can sun riga sun ji sau ɗaya, kuma ni ne na ga ya kamata in yi magana tun ranar farko na kasa.

Na haɗo da fom na asali da rasit ɗinsa, kwafin takardar tara, kwafin lasisina, da kwafin shafin littafin wurin aiki. Ina tashi daga aiki ƙarfe biyu na rana, duk ranar da aka neme ni bayan haka zan zo, ko sau nawa ne.

Na gode da haƙurin karanta doguwar takarda. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Direban motar rabon burodi, wanda ake kira Sannu-sannu.
Cikakken sunana da lambar wayata suna bayan kwafin lasisin.