Ganyen da Baba Dogo Ya Zana

Zuwa ga ɗiyata, 'yar ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗan jikana. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a neman da kuka fita. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, yanzu tana hawa bene ba tare da ta tsaya a tsakiya tana mitar wanda ya gina shi ba. Ƙaninki ya gama jarrabawa, yana kwance a falo kamar an ɗauke shi aikin gadin kujera. Ni kuma ina nan a ɗan shagona, ina zana wa mutane allunan talla da katin gayyata, ana rufa asiri.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in kira, domin na san kaina. Idan na ji muryarki, ko dai in yi sanyi in kasa faɗa, ko in ɗaga murya in faɗi abin da ba shi na yi niyya ba.

Mun ga bidiyon kyautar da aka ba ki. Ƙaninki ne ya kunna mana a waya, mahaifiyarki ta yi ta hawaye, ta aika a kira maƙwabta. Ni ma ina ta murna, har zuwa lokacin da aka hasko yadin da ya ci kyautar. Ganye masu lanƙwasa, kowanne da ɗan tsuntsu a laɓe ƙarƙashinsa. Ɗiyata, na san zanen nan tun ba a haife ki ba. Teburina yana kusa da na Baba Dogo a ɗakin zane na masaƙa lokacin da ya yi shi. A gabana ya yi ta goge bakin tsuntsun yana sakewa, saboda shugaban masu inji ya ce fenti zai cushe a wurin idan ya yi siriri da yawa. Sai na ji mai tambaya ta ce ki faɗi wanda ya koya miki, kika ce ke kika koya wa kanki, tunanin zanen kuma kin tsince shi ne a cikin wasu tsofaffin takardu da aka yasar.

Ba a yasar da su ba. A zuwanki na ƙarshe ni na kai ki ɗakinsa, kamar yadda nake kai ki tun kina ƙarama yana riƙe miki hannu a kan fensir. Ya hau kujera da kansa ya sauko da kwalin tsofaffin zanensa daga saman kwaba, ya hana ni taimaka masa. Kowace takarda sai ya share ta da hannun rigarsa kafin ya miƙa miki. Da kika ce hasken bai isa ɗaukar hoto ba, shi ya tsaya a taga yana riƙe da labule har kika gama.

Bayan mun ga bidiyon na je wurinsa da niyyar in ɓoye masa, na tarar jikarsa ta riga ta nuna masa. Idonsa na hagu ya tafi gaba ɗaya, na daman ma likita ya ce yana bin sahu, don haka sai da ya manna wayar a hancinsa. Na zauna ina jiran ɓacin rai. Sai ya ce launukanki sun fi nasa, shi a zamaninsa bai taɓa yin ƙarfin halin haɗa wannan kore da ruwan goro ba. Ya ce a wurin da zanen ke haɗuwa da ɗan'uwansa idan an maimaita shi a jikin yadi, akwai wani ɗan giɓi da ya sha fama da shi bai iya rufewa ba, ke kin rufe shi, kuma ya yi dariya har da tari. Daga nan ya tambaya ko kin ambaci ɗakin zane, ko da sau ɗaya. Kafin in buɗe baki jikarsa ta ce a'a. Ya ajiye wayar a gwiwarsa. Ya ce ba komai, su sun saba, sunan kamfani ake bugawa a gefen yadi, ba a taɓa buga na mai zane ba.

Wannan maganar ce ta hana ni cin abinci ranar. Gaskiya ne mun saba. Mun ƙare ƙuruciyarmu a ɗakin nan mai warin fenti, mun ga zanenmu a jikin mutane a kasuwa ba wanda ya san fuskarmu, ranar da aka rufe masaƙar kuma mai gadi ne ya sanar da mu a bakin ƙofa. Amma kamfani baƙo ne, bai taɓa kiran mutumin nan Baba ba, bai taɓa yin barci a tabarmarsa da fenti a kumatu ba.

Duk da haka ya ba ni saƙo gare ki, kuma amana ce. Ya ce kada ki yarda da launin da kika gani a kwamfuta sai kin fitar da yadin rana kin duba, kin wanke shi kin sake dubawa. Ya ce zanen da ya fi burge ki a ranar farko ki ajiye shi ya kwana, sau da yawa da safe sai ki ji kunyarsa. Ya ce a duk inda kike aiki ki san masu inji da masu yanka, ki fara gaishe su, idan ɗaya ya ce abu ba zai fita ba ki ja kujera ki saurara. Ya ce yabo yana da daɗi amma ba ya gyara layi ko ɗaya, ki nemi wanda zai iya ce miki aikinki bai yi ba, ki riƙe shi da kyau.

Nawa saƙon gajere ne. Ɗaukar zanen na gaba a gina a kansa ba laifi ba ne, dukanmu haka muka tashi, shi ma akwai wanda ya koya masa, kuma har yau idan ya ambace shi sai ya yi masa addu'a. Abin da kika yi daban ne. Kina da hannu, ya fi nawa, ban taɓa ɓoye wannan ba. Amma wata rana ke ma idonki zai gaji, wata yarinya mai kaifin hannu za ta zo ɗakinki da waya. Ki rubuta wa waɗanda suka ba ki kyautar, ki gaya musu tushen zanen da sunan mai shi. Ko za su karɓe kyautar, ban sani ba, kuma ba zan yi miki alkawarin ba za su karɓe ba. Kafin nan ki kira shi.

Mahaifiyarki ba ta san komai ba, ni kuma ban da ƙarfin gaya mata. Ta ce in gaya miki ki aiko mata da yadin ta ɗinka, ki ƙara da wani a kai, tana so ta kai wa Baba Dogo da hannunta ya ga abin da ɗalibarsa ta ƙirƙira. Na isar da saƙonta yadda ta faɗa. Ina roƙonki muryarki ta riga yadin isa ɗakinsa.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki shafa mini kan ɗan jikana. Mahaifiyarki da ƙaninki suna gaishe ku, haka matata da yaran gidan nan. Baba Dogo ma ya ce a gaishe ki, ya ce Allah ya ƙara basira.

Ni ne kawunki.