Allon Malam a Buhun Dusa

Nasiha, 'yar ƙanwata, don Allah ajiye takardun mutanen nan ki saurare ni yanzu-yanzu, kafin motar Birnin Kudu ta cika. Saki labulen shagon. Kada ki kalli fuskata, kalli gilashin kwamfutarki. Abin da ya fito daga bakina ki buga shi yadda ya fito, kada ki gyara mini, kada ki yi dariya. To, fara.

Zuwa gare ka, Malam, maigidana, gawon gonata mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, sanyin randata, gishirin da in babu shi miyata ruwan zafi ce kawai. Ni ce Barira, tsohuwarka. Yaya jikin? An ce mini tun da aka kwantar da kai a asibitin Birnin Kudu ba ka buɗe baki ba, ko kunu ka ƙi, sai yatsunka da ke ta motsi a kan zanin gado kamar suna neman wani abu. Na san abin da suke nema. Ga shi nan a gabana. Da shi ake buga maka wannan takarda.

Malam, allonka bai ɓata ba. Ni na ɗauke shi.

Ka tuna da idonka ya tafi, tafiretarka kuma ta yi tsatsa, ɗanmu Ɗan'azumi ya kawo maka allon kwamfuta daga Kano, wai kibod, don yatsunka su sami abin yi? Na farkon ka ture shi, ka ce kamar mutum na latsa tuwon jiya, ba ya amsawa. Sai ya komo da wannan mai nauyin, mai ƙwas-ƙwas. Da ka danna maɓalli ɗaya na ga fuskarka ta washe. Ka ce wannan yana da rai: yana ɗan turjewa, sannan ya ba da kai da ƙara kamar an fasa ɓawon gyaɗa, sannan ya taso ya biyo yatsa. Ba a haɗa shi da komai ba, wayarsa na reto a gefen tabarma. Kai dai ka ɗora shi a cinya da hantsi, gidan ya cika da amonsa, kamar yayyafin farko a kan rufin kwano, kamar kaji sun sami tsaba a faranti. Ina tsakar gida ina tankaɗe, amma na san ranar da ka tashi da daɗi da ranar da ƙafar ke damunka, duk a cikin bugun.

To me ya kai ni? Kunyar baƙi ce, Malam. Da matan Wurno suka kawo kayan sa ranar jikarmu Muhsina, suka ji ƙwas-ƙwas daga rumfarka. Ɗaya ta leƙa, ta dawo tana toshe baki da mayafi, ta raɗa wa ta kusa da ita wai tsohon ya fara rikicewa, yana rubutu ba takarda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ka tashi alwala na zare allon, na cusa shi a buhun dusa a ɗakin awaki. Na ce in sun tafi zan maido. Da suka tafi sai na tarar ka riga ka tashi gidan, ana ɗaga katifu, ana tuhumar jikoki. Ka juyo da fuskarka inda kake jin numfashina, ka tambaye ni ko na gan shi. Na shiga cikin masu ɗaga katifu. Yaya zan ce ni ce a gaban surukai? Gobe, na ce a raina, gobe zan faɗa. Goben nan ita ce ta yi ta tafiya har ranar da ka zube a bakin rumfa.

Gidan ya mutu, Malam. Ni da na yi shekaru ina mita, ina cewa wannan ƙwas-ƙwas zai kurmantar da ni, ga shi na sami shirun da nake nema, ya kuma hana ni cin abinci. Ko ɗigar ruwa na ji daga bakin randa sai in juya. Ina zan sa kaina da wannan shirun?

Yau da safe na ciro shi, dusa ta shiga duk tsakanin maɓallan. Na naɗe shi a zani na kawo wa Nasiha nan shagonta na bakin tashar Gwaram, ta duba ko na lalata shi. Ta busa, ta goge, ta haɗa shi da kwamfuta, ta ce in danna mu gani. Ni me na iya? Abu ɗaya ne kawai yatsana ya sani, ɗan gajeren bugun nan da kake rufe aiki da shi kullum, tun zamanin tafireta, wanda nake cewa miƙar yatsu ce. Na danna shi a hankali, inda na saba ganin ka danna. Nasiha ta dubi gilashin, ta dube ni.

Ta ce, “Inna, wa ya koya miki rubuta sunanki?”

Wayyo Allah, Malam! Ashe ni ce? Ashe duk shekarun nan kirana kake yi?

Sai ranar nan ta faɗo mini, ina amarya, kana akawu, da ka goyo tafiretar ofis a bayan keke cikin marka, ka lulluɓe ta da rigarka kai kana jiƙewa. Ina leƙe ta bayan asabari, ka ce in shigo, ba ta cizo. Ka kama ɗan yatsana ka bi da shi nan, nan, nan, ƙarfen na tashi yana marin takarda, ni ina zabura. Ka ce wannan karatun ya ishe ni. Na fizge hannuna na gudu madafa, zuciyata na dakan sakwara. Na ɗauka wasa ne. Ban tambaya ba, kai ma ba ka faɗa ba. Mu mutanen da ne. Ban taɓa jin sunana a bakinka ba, daga “ke” sai “mutanen gida”. Ni ma naka bai taɓa hawa harshena ba, ko yaron maƙwabta mai sunanka sai dai in ce masa Mai-sunan-Malam. Ashe kai ka samo wa kanka hanya, ni kuwa na ɗauki hanyar na cusa a buhun dusa don matan Wurno.

Ya ruwan rijiyata, ya inuwar la'asar ɗina, da wane ido zan dube ka? Har gara da ba ka gani, da ka ga yadda tsufa bai hana fuskar nan kunya ba. Yarinyar da na goya ce ke buga waɗannan maganganu, kowace kalma allon sai ya yi shelarta, masu jiran mota a waje ma ina jin suna ji. Su ji. Kunyar mutane ce ta kai ni inda nake, ta ishe ni haka.

Tsoro nake ji, Malam. Ɗan'azumi ya ce in ba ka ci komai ba gobe za a wuce da kai Kano. Ina tsoron ka tafi inda ya fi Kano nisa kana zaton na tsani muryarka. Ka yafe mini. Ko ba za ka yafe ba, ka sha kunu, ka tashi ka yi mini faɗa, ka yi wata ba ka kula ni ba, na yarda. Ga allonka nan tafe. In sun ɗora maka shi a ƙirji, ka laluba, babu maɓallin da ya ɓalle, sai ɗan ƙanshin dusa. Ka buga, ko masu jinya za su taru. Ina bakin ƙofar ɗakin, don ƙafata ba za ta iya shiga ba sai na ji. In na ji ɗan gajeren bugun nan, zan amsa da ƙarfi, a gaban kowa, yadda ya kamata in amsa tun ina amarya.

Na yi maka alkawari, in Allah ya maido ka, ni zan riƙa shimfiɗa maka tabarma in ɗora maka shi a cinya, ko Wurno ce gaba ɗaya ta zo. Kuma Nasiha za ta kama yatsan nan nawa ta nuna masa inda naka sunan yake. Ban tsufa da wannan karatun ba.

Taka ce ni tun ranar markar nan, taka har a miƙe ni a dama, in Allah ya yarda har inda za a tashe mu. Barira.

Kin gama? Fitar da takardar, naɗe allon, mu tafi. Ki ji ni da kyau, Nasiha. In mun isa, Ɗan'azumi zai tare ki a baranda ya ce me ke cikin zanin. Kada ki gaya masa tukuna, nasa faɗan zai jira. Kada ki tsaya wajen likita. Ki wuce kai tsaye, ki durƙusa daidai kunnen Malam na dama, shi ne mai ji. Shi za a fara gaya wa. Ki ce Barira ce ta aiko, ta kuma faɗi sunansa da bakinta, ga shi kina ji: a fara gaya wa Hadi.