Mai Shelar da Shela Ta Ƙi Zama a Kansa

Zuwa ga Malam Mai Ba Da Shawara,

Don Allah Malam ka taimake ni, gadon gidanmu ne ke shirin suɓucewa daga hannuna, kuma ba wani maƙiyi ne ke ƙwace shi ba, kan nan nawa ne da ba ya riƙe magana. Ni ban iya boko ba. Malam Uwaisu da ke karanta mana jaridarku a rumfar masu goro shi ke rubuta mini, na kuwa sa ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Kada ka sa sunana.

Ni ne mai shela a Jibiya, nan bakin iyakarmu da ƙasar Faransa. Tsohona ya riƙe gangar shela tun kafin Nasara su raba mu da Maraɗi, ba a taɓa jin ya yi tuntuɓen harshe ba. Yanzu muryarsa ta dushe, sai raɗa. Ƙanena Kalilu ya koya wa aikin, shi ke bin sa kasuwa, amma fatauci ya ja Kalilu ya ƙetare iyaka, ya yi zamansa can. Dole ganga ta faɗo kaina. Ni kuwa ɗan fari ne, ka san yadda abin yake. Tsohon bai taɓa kiran sunana ba, ba mu taɓa zama tabarma ɗaya ba. In yana son wani abu wurina, ragonsa da ke ɗaure a tsakar gida yake fuskanta ya ce a gaya wa mutumin gidan nan ɗaki na yoyo. Haka muke tun ina yaro, ban kuma ga laifinsa ba.

Murya kam Allah ya ba ni, in na ɗaga ta a kasuwa har masu jakuna a mashigi suna ji. Riƙewa ce babu. Shelar zamanin da, ai ba wuya: an ga wata, jakin wane ya ɓata, gobe akwai gayya. Ta yanzu daga Katsina take zuwa, doguwa, kai uku ko huɗu a jiki ɗaya. Wace hanya fatake za su bi su tsaya gun 'yan kwastan, wane kaya aka hana ƙetarewa da shi, wace rana, wane gari. Lado jakada shi ke kawo ta. Yana tsaye gaban mai gari zai zubo ta sau ɗaya, da sauri kamar ana korarsa. Ni ina durƙushe, kaina a ƙasa, gabana na faɗuwa, ba abin da nake sai ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Wane ni in ce wa jakada ya maimaita a gaban manya? Kafin in kai bakin kasuwa rabi ya zube.

Ba abin da ban gwada ba. Na sha rubutu har na gaji. Matata Barira ta ce in riƙa ƙulla bakin rigata, kowace magana ƙulli ɗaya. Na ƙulla. Na isa kasuwa na tarar da ƙulli huɗu suna kallona ina kallonsu, ban san na mene ne ba.

To, ga abin da ya karya ni. Da ciwon bushiya mai kashe shanu ya ɓullo, aka aiko cewa malaman dabbobi za su yi wa shanu allura, na ƙauyen Gangara ran Asabar, na ƙauyen Mazanya ran Laraba. Na buga ganga na juya su. Manu, wani dattijon makiyayi na Gangara, ya koro garkensa ran Laraba, suka wuni a rana ba kiwo, aka ce ba ranarsu ba ce. Ran Asabar bai zo ba, don ya daina yarda da abin da ya fito bakina, malaman kuwa suka wuce. Da muka haɗu bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi muryata suka ji suka taso. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Mai gari ya ce malaman za su dawo bayan kaka don waɗanda suka rasa, in na sake kuskure a wannan shelar, ganga ta bar gidanmu.

Ban gaya wa tsohon ba, ina tsoron abin ya kwantar da shi. Ga shi ma kamar tsufa ya fara taɓa masa kai. Tun ranar, kullum da la'asar sai ya kifa ƙwarya yana ƙwanƙwasa ta da yatsu, yana raɗa wa ragon nan Gangara Asabar, Mazanya Laraba, yana ja kamar waƙa, ya kai ƙarshe ya sake. Barira ta ce ruɗewa ce. Abin ya taru ya yi mini yawa. Shin akwai maganin mantuwa, ko in kai gangar da kaina tun ba a karɓe ta ba?

Ni ne naka,
Mai Kan Kwando, Jibiya

Amsa

Mai Kan Kwando, na ɓoye sunanka kamar yadda ka roƙa, ko da yake ban san masu shela nawa ne a Jibiya ba. Kada ka kai ganga. Na ji tausayinka ƙwarai, amma sunan da ka laƙaba wa kanka bai dace da kai ba. Mutumin da ya kawo mini maganar Manu yadda ta fito, da ranakun da ya juya, da abin da tsohonsa ke raɗawa, kansa ba kwando ba ne. Abin da ya shiga yana zama. Maganar Lado ce ba ta shiga tun farko, domin sa'ad da yake faɗa kai kana fama da faɗuwar gaba da ranka ya daɗe.

Sai dai kada ka ga baƙin mai gari. Shanun mutane ne a tsakani, kuma shela amana ce. Ya yi maka adalci da ya ba ka lokaci zuwa kaka. Manu ma yana da haƙƙi a kanka, ka taka har Gangara ka ba shi haƙuri, in ranar ta zo kuma ka kai masa labarin da ƙafarka.

Ga abin yi. In Lado ya gama, kada ka ce ya maimaita, kai ka maimaita. Ka nemi izini ka ce za ka mayar da saƙo a ji ko ka ɗauka daidai, sannan ka faɗe shi da ƙarfi a gabansu. Wannan ba rashin ladabi ba ne, babu shugaban da zai ƙi a tabbatar da maganarsa. In ka karkace, nan take za a gyara maka, gyara a zaure kuwa ya fi gyara a kasuwa. Yayin da yake magana, kada ka ce sai ka kwashe duka. Abu uku za ka farauta: su wa, ina, yaushe. Sauran ado ne, bakinka zai kawo shi.

Ƙullin Barira ba laifi, illa dai ƙulli yana tuna maka akwai magana, ba ya gaya maka wace ce. Ka rataya kowace magana a kan abin da ka saba wucewa tsakanin ƙofar mai gari da kasuwa. In akwai rijiya, ka tsayar da shanun Gangara a bakinta cikin zuciyarka, har ka ga ƙahoninsu. In akwai maƙera, ka kai na Mazanya can. Kana tafe kana bi ta kansu, suna miƙo maka abin da ka ba su ajiya. Kuma kada ka yi tafiyar da baki rufe. Ka tuna yadda Fatiha ta zauna maka, ai da baki ta zauna, da maimaici. Ka faɗa wa Barira, ka sake bayan sallar isha'i, ka sake da asuba. A ranar shela kuma ka karya kumallo tukuna, yunwa ba ta barin kai ya riƙe kome.

Yanzu ga babbar maganar. Tsohonka bai ruɗe ba. Ka sake sauraron abin da yake raɗawa: Gangara Asabar, Mazanya Laraba. Daidai yake faɗa, ba juyayye ba. Wanda ya yi rayuwarsa da ganga, kana tsammanin za a yi kuskuren shela a garinsu bai ji ba? Ya sani sarai. Ya ɗora ranakun a kan kiɗa ne domin abin da aka rera ba ya zubewa da wuri, ina kuma kyautata zaton dabarar da ya riƙe shela da ita ke nan tun yana saurayi. Kalilu ya koya ido da ido. Kai ba zai iya kiranka ya zaunar ba, sai ya bi ta hanyar da ya saba yi maka magana tun kana yaro. Rago ba shi da shanu a Gangara, ɗan'uwa. Da kai ake.

Ban ce ku karya kunyar da ke tsakaninku ba, ba ta hana kome. Gobe da la'asar ka ɗauki ganga ka zauna bayan zana inda zai ji ka, ka bi kiɗan ƙwaryarsa har hannunka ya kama. Duk shelar da ka karɓo daga yau, ka fara yin ta a tsakar gida kafin kasuwa. In ka yi daidai zai yi shiru. In ka kauce zai gaya wa rago, kai kuma ka gyara.

Allah ya ƙara wa tsoho lafiya, ya tsare shanun Manu, ya bar ganga a gidanku. Kada ka jira kaka. Dattijon da muryarsa ta ƙare ya daɗe yana maka shela da 'yar raɗar da ta rage masa, ka je ka amsa.