Wasiƙu Biyu Daga Salaga Suna Cikin Akwatina

Zuwa ga Baba Inusah, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Baba, ka taimake ni da shawara, kuma in da hali ka sa takardata gaba da ta kowa, don abin da ke damuna yana da rana, ranar kuma ta matso. Ni ticha ne a wata makarantar midil ta kwana a ƙasar Bawku. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi nawa ba, sunayen da za ka gani a nan ma na sauya su. Haifaffen zangon Yendi ne ni, gidanmu gidan malamai, na yi allo kafin in yi boko. Wannan karatun na gida shi ya jawo mini abin da nake ciki.

A makarantarmu akwai wata doka tun kafin samun 'yanci, cewa duk wasiƙar da za ta shigo wa yaro ko za ta fita daga hannunsa sai malami ya buɗe ya karanta. Ranar Asabar ake yi. Bayan an zaga ɗakunan kwana, an duba farce da haƙora da gugar kaki, an tura masu laifi yankan ciyawar filin ƙwallo, sai mu zauna a barandar ofis da tulin takardu. Na Turanci hedimasta ke dubawa. Na ajami kuwa, waɗanda iyayen yaran zango ke aikowa ta hannun direbobin lori, a gabana ake zube su, don cikin mu malamai bakwai ni kaɗai ke iya karanta su. Hedimasta mutumin kudu ne, mutumin kirki, amma in ka ba shi takardar ajami a juye yake riƙe ta. Abin da na ce masa yana ciki, shi ne a ciki. Shekara huɗu ina wannan aiki, kuma yawanci ba komai a cikinsu sai gaisuwa, da an haihu, da an rasu, da ka riƙe salla, da ga ƙuli-ƙuli nan a ƙullin da direba zai ba ka.

Akwai wani yaro Jibirilu, ɗan shekara goma sha biyar, ɗan Salaga. Mahaifinsa, Malam Mutaru, limamin wani masallacin unguwa ne a can. Bayan yaron ya sauke Alƙur'ani sai kawunsa, mai fataucin goro a Bawku, ya karɓe shi riƙo ya sa shi boko. Kawun ya rasu bara. Jibirilu ne mai buga mana ƙararrawa, wato wani tsohon ƙarfen ƙafar lori da ke rataye a bishiya gaban ofis. Shi ke tashin yara ɗibar ruwa, shi ke kiransu aji, shi ke kiransu tuwo, kuma ban taɓa ganin ya makara ba. Shi ke jan yaran Musulmi salla a bayan ɗakin cin abinci. A ƙwallo baya yake tsarewa, ba shi da gudu amma ba a wuce shi. A lissafi kuwa ban taɓa koyar da kamarsa ba, har wani lokaci in ya ɗaga hannu sai in sake duba abin da na rubuta a allo. Mun sa shi cikin yara shida da za su zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma hedimasta ya ce bana ce damarsa ta ƙarshe, baɗi shekarunsa sun wuce.

Sati bakwai da suka wuce wasiƙa ta zo masa daga mahaifinsa. Tsohon da hannunsa ya rubuta, haruffa manya-manya, layi yana hawa yana sauka. Ya ce idonsa ya yi rauni, tun kaka ba ya iya bin ƙananan rubutun littafi. Ya ce shekara ashirin da shida yana tafsiri a masallacinsa kowane azumi bai taɓa fashi ba, bana kuma yana son ɗansa ya zo ya zauna a gefensa ya ja masa baƙi, da rana kuma ya riƙa karanta masa littafi yana saurare kafin su fita. Ya ce yaron ya hau lori kafin watan azumi ya tsaya. Bai ambaci komawa makaranta ba, ya dai ce ya haɗo akwatinsa.

Jarrabawar, bisa lissafina, za ta faɗa goma ga azumi. Na san yaron nan. Da ya ga takardar ba zai ƙara kwana biyu a Bawku ba. Da hedimasta ya tambaye ni ta wane ce, na ce tawa ce daga gida aka haɗo ta da na yara, na sa a aljihu. Na ce wa kaina ranar Litinin zan ba shi bayan na yi tunani. Litinin ta zo na ce sai Juma'a. Haka nan.

Gara in faɗa maka wani abu don kada ka ɗauke ni mugu. Ni ma na taɓa cin irin wannan jarrabawa, mahaifina ya ce bokon ya isa haka, na zauna a Yendi shekara uku ina jiran shagon yayana kafin in samu shiga koyarwa ta ƙaramar ƙofa. Waɗanda na fi su maki yanzu suna manyan ofisoshi a Tamale da Kumasi. Ban ce an zalunce ni ba, Allah ya jiƙan baba, amma abin bai bar ni ba har yau.

To, yaro bai san komai ba. Ƙarshen wata ya rubuta wasiƙarsa ta gida kamar yadda ya saba, ni na karanta ta, ni na liƙe ta. Ya ba mahaifinsa labarin sun ci wata makaranta biyu da nema, gyaɗar gonar makaranta ta yi buhu goma sha ɗaya, an zaɓe shi buga ganga a faretin ranar 'yanci. Ya ce a gaida kowa, sai hutu. Wallahi ban yi tunanin yadda za ta sauka a kunnen tsohon ba, mutumin da ya rubuto cewa idonsa na tafiya, aka amsa masa da ƙwallo da ganga. Kuma tunda ba ya gani sosai, wani ne ya karanta masa, wataƙila a gaban mutane.

Asabar da ta wuce ta biyu ta zo. Wannan ba hannunsa ba ne, shifta ya yi wa wani ɗalibinsa. Gajera ce. Ya ce ya ji labarin ƙwallo. Ya ce ashe gaskiyar masu cewa boko na cire wa yaro kunyar iyaye. Ya ce idan wata ya tsaya bai ga Jibirilu ba, to ya zauna inda yake, kada ya sake rubutowa, shi ba shi da ɗa a Bawku. Yau saura kwana ashirin da uku wata ya tsaya.

Duka biyun suna ƙasan akwatina. Kowace Asabar in an gama kiran sunayen masu wasiƙa, yaron yakan tsaya gefe har kowa ya watse, sannan ya tambaye ni ko babu komai daga Salaga. Sau bakwai ke nan ina ce masa babu. Kunya ta ishe ni, tsoro kuma ya fi kunyar. In na faɗa wa hedimasta, aikina na iya tafiya, kuma labari zai kai zango cewa ɗan gidan malaman Yendi yana danne wasiƙun mutane. Na yi tunanin rubuta wa tsohon da sunan yaron in ba shi haƙuri, don na san hannun Jibirilu kamar nawa. Na kuma yi tunanin yin shiru har a gama jarrabawa, sannan in je Salaga in durƙusa. Baba, wanne ne ya fi sauƙin sharri?

Naka,
Ticha mai buɗe wasiƙa, ƙasar Bawku.

Amsar Baba Inusah

Wa alaikumus salam, ɗana ticha. Na tsallake takardu da yawa na ɗauko taka, don haka kai ma kada ka ajiye amsata a ƙasan akwati.

Bari in fara da abin da ba ka son ji. Doka ta ba ka ka buɗe wasiƙa, ba ta ba ka ka riƙe ta ba. Abin da ka yi cin amana ne, kuma ka fi kowa sani, tunda gidan malamai ka fito. Ban ce niyyarka mugunta ba ce. Yaro mai irin wannan kai ba kullum ake samunsa ba, dama kuma in ta wuce ba ta cika dawowa ba, duk wannan gaskiyarka ne. Amma ka sake karanta wasiƙar farko. Malam Mutaru bai zagi boko a cikinta ba. Shekaru ya bar ɗansa a hannunku, har bayan rasuwar kawun bai ce a dawo da shi ba. Ba ƙaramin abu ba ne malami ya rubuta wa ɗan cikinsa cewa ba ya iya ganin littafi. Roƙo ya yi, aka yi masa shiru. Fushin da ke cikin ta biyu kai ka kunna shi, a kan yaron da bai ji ba bai gani ba. Ina kuma zargin cewa da mahaifinka kake wannan jayayya, ba da limamin Salaga ba. Waccan shari'ar ta wuce, kada ka sake buɗe ta a kan ɗan wani.

Hanyoyin nan biyu da ka kawo duk ka bar su. Rubutu da sunan yaro ƙarya ce a kan ƙarya, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Shiru har bayan jarrabawa ma ba mafita ba ne, don kafin nan wata ya tsaya, maganar tsohon ta riga ta fita a gaban jama'a, kuma dattijo ba ya jin daɗin janye abin da ya furta.

Ranar da ka karanta wannan, ka kira Jibirilu shi kaɗai, ka ba shi takardun biyu, ka faɗa masa ranar da kowace ta zo. Kada ka cika shi da dalilai. Ka roƙe shi gafara, ka bar shi ya yi fushinsa. Daga nan sai ofishin hedimasta, gara ya ji daga bakinka. Zai yi faɗa, wataƙila ya rubuta maka gargaɗi, amma ka ce mutumin kirki ne, kuma wanda ya kawo kansa ba a yi masa hukuncin wanda aka kamo. Ka nemi izinin kwana biyar, kai da yaron, da takarda mai nuna ranar jarrabawa.

Zuwa da kai ya fi aike. Ku bi ta Yendi ka ɗauki wani dattijo daga gidanku wanda Malam Mutaru zai ji nauyinsa. Da kun isa, kafin kowace magana, ka wanke yaron. Ka faɗa a gaban ɗaliban malam da duk wanda ya ji waccan wasiƙar ta ƙwallo cewa saƙo bai isa hannun Jibirilu ba, kai ka tsare shi. Sai zuciya ta sauka sannan dattijon da ka zo da shi ya kawo roƙo, ba kai ba. Roƙon kuma ƙarami ne: yaro ya fara tafsiri da mahaifinsa, a sake shi kwanaki kaɗan ya je ya rubuta jarrabawa wani ɗalibi ya riƙe jan baƙi, sannan ya dawo su ƙarasa wata tare. Maganar tafiya sakandare kada ka tayar da ita yanzu, a ci jarrabawar tukuna. Ka kuma nemi a kai tsohon likita ya duba idon, mai yiwuwa abin da tabarau zai gyara ne.

Ina kyautata zaton zai yarda, don uban da ya nemi ɗansa ya zauna a gefensa ba ƙinsa yake yi ba. Amma zai iya cewa a'a, kuma ɗansa ne. In haka ta faru, ka koma Bawku ka haɗa kayan yaron da hannunka, ka sa masa littattafansa a ciki, ka aika masa ba tare da guna-guni ba. Zai yi maka ciwo, na sani. Gara Jibirilu ya rasa jarrabawa da saninsa da ya rasa uba bai san dalili ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Malam Mutaru, ya ƙara masa gani, ya yi wa yaron zaɓin alheri, kai kuma ya ba ka ƙarfin halin buɗe wannan akwati. A sauka Salaga lafiya.

Baba Inusah