Sun tafa lokacin da aka kashe yayana a fim

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni ɗaliba ce a lise, wato sakandare, a kartiyen Banifandou a nan Yamai muke zaune, kuma ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Mu uku ne a gida tun rasuwar Baba, ni da Inna da yayana. Inna tana sayar da kayan yaji a Petit Marché, Yaya kuma kafinta ne a kasuwar Katako. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka aiki ya ja baya, ga damina ba ta yi kyau ba, dangi daga ƙauyenmu na wajen Tahoua sai zuwa suke ci-rani. Cikin wannan zaman ne wasu samari masu shirya fim suka ce Yaya yana da fuskar da suke nema, fim ne na ƴan daba masu ƙwacen waya, shi zai fito a shugabansu. Zan kira shi Gatari, ko da yake ba shi ne sunan da ke cikin fim ɗin ba. Yaya kuwa mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kai wa maƙwabci.

Masu fim ɗin ba su da kayan sawa na wasa, kowa da tufafinsa yake zuwa. Yaya ya fito da shuɗiyar rigarsa ta aiki, wadda na ɗinke wa aljihu da baƙin zare, da jar hularsa ta kullum, kuma a lungun da yake aiki aka ɗauki fim ɗin. Har taron da suka yi masa duka a ƙarshe mutanen kasuwar ne aka roƙa suka shiga.

Ranar da aka nuna shi a wani zaure a kartiyenmu, bayan la'asar ne, an rufe tagogi da tabarmi an tada janareta don babu kuran. Inna ta ɗaura atamfarta ta salla, ta gayyaci maƙwabta, har da Tanti Hawa da ta goya Yaya yana jariri. Ni ban kalli bangon da ake haska fim ɗin sosai ba, fuskokin mutane na riƙa kallo. Wurin da Gatari ya kai wa uwarsa buhun hatsi da kuɗin sata, wani tsoho ɗan ci-rani ya rufe fuska da rawaninsa, samari kuwa suna ta dariya. Da aka zo wurin da aka kama shi aka rufe shi da duka, zauren gaba ɗaya ya ɗauki tafi, ana cewa a gama da shi. Tanti Hawa, wadda aka taɓa fizge wa waya a kan kabu-kabu, har miƙewa ta yi tana cewa a ƙara masa. Inna ba ta motsa ba, zare ɗaya ta kama a bakin mayafinta tana ja, kafin a buɗe tagogi gefen ya warware duka. Da muka fito Tanti ta ce mata ai wasa ne, yaron ya iya. Inna ta ce haka ne. Tun ranar ba ta sake aika ni gidansu da tuwo ba.

Da fari Yaya ya ji daɗi, a fadarsu ta shayi ana ba shi kofin farko, yara na bin sa suna kiran Gatari. Amma fim ɗin ya bazu a wayoyi guntu-guntu, wasu ba su ma san fim ba ne, wurin ƙwacen kawai suka gani, da rigar da hular da lungun. Na lura in muna tafiya tare mata na mai da jaka ɗaya kafaɗar. A kasuwa wata ta tambayi Inna ko ita ce uwar yaron nan, ta ajiye barkonon da ta ɗauka ta wuce.

Makon jiya ya dawo da tsaga a gira, ya ce wa Inna katako ne ya zame masa. Ni ke masa wanki. Da na juya rigar sai na ga sawun takalmi a baya, ba ɗaya ba, har da na ƙaramin yaro. Na same shi a zaure ina riƙe da ita, ya daɗe yana kallon ta, sannan ya gaya mini waya ce ta ɓace a layinsu, wani ya ce ga Gatari nan, kafin ya buɗe baki an kewaye shi. Maigidansa ne ya ja shi cikin shago ya kulle ƙofa har aka ga wayar a aljihun mai ita. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro, wasu daga cikinsu su ne suka yi masa dukan wasa a fim, kuma kowa inda ya tsaya a fim ɗin nan ya tsaya.

Ya ce, "Auta, kar Inna ta ji. Kin san tansiyonta."

Na ce to ya daina sa rigar mana. Ya yi ƴar dariya ya ce, "Fuskar fa, ita ma in cire?"

Kuma masu fim sun dawo, wai mutane na son ci gaba, za a ce Gatari bai mutu ba. Yaya na son ya karɓa, ya ce wannan ne karon farko da aka ce ya iya wani abu ban da aikin katako, kuma in ya yi suna sosai kowa zai gane wasa ne. Ni ban yarda ba, na ga fuskokinsu a zauren nan.

In na gaya wa Inna na san hana shi za ta yi, kuma ba zai ƙi maganarta ba, za ta tura shi ƙauye inda mutane ke gudowa don yunwa, shi kuma ba zai sake yarda da ni ba. Ina kuma tsoron abin da labarin zai yi wa jikinta, ko gishiri an hana ta saboda hawan jini. In na yi shiru, wata rana wata waya za ta sake ɓacewa maigidansa ba ya kusa.

To ƴan uwa ya zan yi? In faɗa mata, ko in riƙe masa amana? Akwai wanda zan iya kai wa maganar ban da ita? Kuma in cikinku akwai waɗanda suka ga fim ɗin, don Allah in kun haɗu da shi a hanya ku tuna kafinta ne. Na wanke rigar sawun ya fita, tana kan igiya yanzu, gobe da safe ita zai sa.